Shekarar 1984 a Tarihin Ƙwallon Kwando na Amurka

Ƙwallon kwando a Amurka hawa biyu gare shi. Akwai na ɗaliban jami'o'i, wanda hukumar NCAA ke kula da shi, inda a wancan zamani ba a biyan ɗan wasa albashi, sai dai a ɗauke masa kuɗin makaranta da abinci da wurin kwana. Akwai kuma na ƙwararru, wato gasar NBA, wadda a 1984 take da ƙungiyoyi 23. A duka biyun ana fara kakar wasa ne a ƙarshen shekara, a kammala ta kafin tsakiyar shekarar da ke biye. Saboda haka kowace shekara tana ɗauke da ƙarshen kaka ɗaya da farkon wata, a tsakaninsu kuma akwai ranar da ƙungiyoyin NBA ke zaɓar sababbin 'yan wasa daga jami'o'i. Shekarar 1984 ta samu ƙari a kan wannan tsari, domin a cikinta aka yi gasar Olamfik a Los Angeles. Wasu samari 'yan shekara ashirin da ɗoriya sun buga gasar jami'o'i a watan Maris, aka zaɓe su a watan Yuni, suka wakilci ƙasarsu a Agusta, kafin Oktoba ya ƙare sun zama ƙwararru.

Akwai wata aƙida da masu harkar wasan suka yi ittifaƙi a kanta a lokacin, kuma ba za a fahimci abin da ya faru a shekarar ba sai da ita. Aƙidar ita ce ba a ɗaukar kofi sai da dogon ɗan wasan tsakiya, mai tsawon ƙafa 7 ko kusa da haka, wanda zai tsaya ƙarƙashin kwando ya tare jifan abokan hamayya, ya kuma cafe duk ƙwallon da ta daki allo ta dawo. Tarihi yana bayan wannan ra'ayi. George Mikan ne ya ɗauko wa Lakers kofunansu na farko, Bill Russell ya ci 11 a Boston, sannan ga Wilt Chamberlain da Kareem Abdul-Jabbar, ga kuma Moses Malone da ya kai Philadelphia ga kofi a 1983. Dokokin wasa ma sun taimaka. NBA ta shigo da layin jifa mai maki uku tun 1979, amma 'yan wasa ba su cika kula shi ba. A gasar ƙasa ta jami'o'i kuwa babu layin sam, babu kuma agogon da ke tilasta wa ƙungiya ta yi jifa cikin ƙayyadadden lokaci.

NBA ta shiga shekarar tana farfaɗowa daga mawuyacin hali. Ƙungiyoyi da dama suna tafka asara, sunan 'yan wasa ya ɓaci da zargin shan hodar ibilis, kuma gidajen talabijin ba su ɗauki gasar da daraja ba: wasan da ya raba gardama a zagayen ƙarshe na 1980 ba a nuna shi kai tsaye a yawancin biranen ƙasar ba, sai da dare ya yi nisa aka saka faifansa. A 1983 masu ƙungiyoyi da ƙungiyar 'yan wasa suka ƙulla yarjejeniya biyu. Ta farko ta ba 'yan wasa kashi 53 cikin ɗari na kuɗin shiga, ta kuma sa iyaka ga abin da kowace ƙungiya za ta kashe a albashi. Iyakar ta fara aiki a kakar 1984/85 a kan dala miliyan 3.6. Ta biyu ta shafi gwaji da hukunci kan miyagun ƙwayoyi. Lauyan da ya yi ruwa ya yi tsaki wajen tsara su, David Stern, shi ne ya karɓi shugabancin hukumar daga hannun Larry O'Brien ranar 1 ga Fabrairu, 1984, kuma ya shekara 30 a kan kujerar. Kwana kaɗan kafin nan an yi wasan taurari a Denver, aka haɗa shi da gasar dankara ƙwallo cikin kwando daga sama, wadda Larry Nance ya lashe bayan ya doke Julius Erving.

A ɓangaren jami'o'i, North Carolina ce kowa ya sa wa ido. Kocinta Dean Smith yana da Michael Jordan da Sam Perkins da Brad Daugherty da Kenny Smith, kuma ta buga wasanni 14 na rukuninta ba a ci ta ko sau ɗaya ba. Jordan ne aka zaɓa gwarzon 'yan wasan jami'o'i na shekarar. Amma gasar NCAA ta sili ɗaya ƙwale ce, wanda aka doke sai gida. Ranar 22 ga Maris a Atlanta, Indiana ta koci Bob Knight ta fitar da ita da ci 72 da 68. Steve Alford, ɗan ajin farko, ya ci maki 27, Jordan kuwa ya tsaya a 13 kafin a sallame shi saboda cika ƙeta biyar. Wasansa na ƙarshe ke nan a jami'a.

Ƙungiyoyi 53 suka shiga gasar, huɗu suka isa Seattle: Georgetown da Kentucky da Houston da Virginia. Uku daga ciki dogayen 'yan tsakiya ne ƙashin bayansu. Ta huɗun, Virginia, ita ce abin mamaki, domin ta kai wannan mataki ne shekara guda bayan tafiyar Ralph Sampson, mai ƙafa 7 da inci 4, wanda ya shekara huɗu a can bai ɗauki kofin ba. Houston ta sha da ƙyar a hannunta, 49 da 47, bayan ƙarin lokaci. Ɗayan wasan kuwa ya shiga tarihi ta wata fuska. Kentucky, mai dogaye biyu, Sam Bowie da Melvin Turpin, ta tafi hutun rabin lokaci tana gaba da 29 da 22. Da aka dawo sai 'yan Georgetown suka matse ta, ta yi jifa 33 uku kacal suka shiga, aka tashi 53 da 40.

Wasan ƙarshe na ranar 2 ga Afrilu ya haɗa samari biyu da ba a Amurka aka haife su ba. Patrick Ewing na Georgetown haifaffen Kingston ne a Jamaika, yana ɗan shekara 12 ya bi iyayensa zuwa jihar Massachusetts. Hakeem Olajuwon na Houston, wanda a lokacin ake rubuta sunansa Akeem, an haife shi a Legas a 1963. Mai tsaron gida ne a ƙwallon ƙafa, kuma ɗan ƙwallon hannu. Sai da ya kai wajen shekara 15 ya fara ƙwallon kwando, lokacin da makarantarsa ta je bikin wasannin kwalejojin malamai a Sakkwato aka saka shi cikin tawagar kwando. Ya isa Houston a 1980 bai gama sanin dokokin wasan ba, ya goge a hannun koci Guy Lewis, da kuma karawar da yake yi da Moses Malone a lokacin hutu. A kakar 1983/84 babu wanda ya kai shi a duk jami'o'in ƙasar wajen cafe ƙwallo daga allo, da tare jifa, da kuma yawan jifan da ke shiga. Wannan ne karo na uku a jere da Houston ta kai matakin huɗun ƙarshe, kuma a 1983 an ƙwace mata kofin a daƙiƙar ƙarshe, North Carolina State ta ci ta 54 da 52.

Karawar dogayen biyu ba ta kai yadda aka zuzuta ta ba. Houston ta fara da zafi, amma Olajuwon ya yi ƙeta ta huɗu ana dawowa daga hutu, dole ya riƙa taka-tsantsan. Ya ƙare da maki 15, Ewing da 10. Abin da ya raba gardama shi ne yawan 'yan wasan da Georgetown ke iya sakowa ba tare da ƙarfinta ya ragu ba: Reggie Williams da Michael Graham, dukkansu 'yan ajin farko, sun ci 19 da 14. An tashi 84 da 75, aka ba Ewing kyautar gwarzon gasar.

Nasarar ta sa John Thompson ya zama baƙar fata na farko da ya ɗauki wannan kofi a matsayin koci. Ya karɓi Georgetown a 1972, bayan kakar da ta ci wasa 3 aka ci ta 23. Ya gina ƙungiya mai tsananin tsaro, ya kuma killace 'yan wasansa daga 'yan jarida, abin da ya jawo masa suka mai yawa. Wanda ya san abin da Ewing ya gani a filayen wasu jami'o'i, inda aka riƙa ɗaga kwalaye ana cewa bai iya karatu ba, har aka taɓa jefa ɓawon ayaba cikin fili, zai fahimci dalilin Thompson. Shi kansa bai yi na'am da a riƙa yaba masa a matsayin na farko ba, domin a ganinsa akwai baƙaƙen fata da suka cancanta tun kafin shi, dama ce kawai aka hana su.

A gasar mata, jami'ar Southern California ta riƙe kofinta karo na biyu a jere, ta doke Tennessee 72 da 61, Cheryl Miller ce tauraruwar gasar.

Kwana uku bayan wasan Seattle, ranar 5 ga Afrilu, Kareem Abdul-Jabbar ya wuce maki 31,419 da Wilt Chamberlain ya tara a rayuwarsa ta wasa. A Las Vegas aka yi, a karawa da Utah Jazz, da irin jifansa na lanƙwasa hannu ta saman kai wanda ba mai iya tarewa. Sai a Fabrairun 2023 LeBron James ya karɓe wannan matsayi daga hannunsa.

A wannan shekara aka faɗaɗa zagayen neman kofin NBA daga ƙungiyoyi 12 zuwa 16. Philadelphia mai riƙe da kofi ta faɗi tun a matakin farko a hannun New Jersey Nets. Bernard King na New York Knicks ya yi abin a zo a gani a karawarsu da Detroit, yana cin fiye da maki 42 a kowane wasa idan aka daidaita, sannan ya ja Boston har wasa na bakwai kafin ta tsallake. A ƙarshe dai aka samu haɗuwar da masu kallo da masu talabijin suka daɗe suna jira: Boston Celtics da Los Angeles Lakers, Larry Bird da Magic Johnson. Su biyun sun fara haɗuwa a wasan ƙarshe na jami'o'i a 1979, inda Michigan State ta Johnson ta doke Indiana State ta Bird, suka shigo NBA tare, kowa ya ci kofi, amma ba su taɓa karawa a zagayen ƙarshe ba sai yanzu. Boston ta ci wasa 62 a kakar, Bird ne gwarzon shekara. Lakers ta ci 54, sai dai ta fi gudu nesa ba kusa ba.

Idan aka bi wasannin ɗaya bayan ɗaya, Lakers ce ta saki nama a baki. Ta ci wasan farko a Boston, 115 da 109. A na biyu tana gaba da maki biyu saura daƙiƙa 18, James Worthy ya miƙa ƙwallo sakaka, Gerald Henderson ya ƙwace ya farke. Johnson kuma ya yi ta buga ƙwallo a ƙasa har lokaci ya cika ba a yi jifa ba, Boston ta ci 124 da 121 a ƙarin lokaci. Wasa na uku Lakers ta yi mata kaca-kaca, 137 da 104, har Bird ya fito fili ya zargi abokan wasansa da ragwanci. A na huɗu Kevin McHale ya shaƙo wuyan Kurt Rambis yana sama ya maka shi da ƙasa, irin ƙetar da a yau sai an kori mai ita daga fili. Daga nan wasan ya koma na ƙarfi da ture-ture, wanda shi ne abin da Boston ke so. Johnson ya ɓarar da jifa biyu na kyauta a ƙarin lokaci, Bird ya jefa wadda ta sa Boston gaba ta saman kan Johnson, aka tashi 129 da 125.

Wasa na biyar, ranar 8 ga Yuni, an yi shi a tsohon zauren Boston Garden wanda ba shi da na'urar sanyaya ɗaki, zafi ya kai digiri 36 a ciki. Abdul-Jabbar, mai shekara 37, sai da ya riƙa shaƙar iskar oksijin a benci. Bird ya ci maki 34 ya cafe ƙwallo 17 daga allo. Lakers ta rama a gida, aka koma Boston wasa na bakwai ranar 12 ga Yuni. Cedric Maxwell ya ci 24, Boston ta cafe ƙwallo 52 daga allo, Lakers 33, aka tashi 111 da 102. Kofi na 15 ke nan ga Celtics, kuma karo na takwas da ta haɗu da Lakers a zagayen ƙarshe ba tare da ta faɗi ba. Bird ne gwarzon zagayen. Jaridu da yawa sun mai da karawar ta zama ta launin fata, Bird fari, Johnson baƙi. Amma kocin Boston, K.C. Jones, baƙar fata ne, kuma Celtics ce ƙungiyar farko da ta zaɓi baƙar fata a zaɓen 'yan wasa, a 1950, ita ce kuma ta fara naɗa baƙar fata koci, Bill Russell, a 1966. Jones da John Thompson sun yi wasa tare a Celtics daga 1964 zuwa 1966, lokacin da Thompson ke zaman jiran Russell a benci. Manyan kofunan shekarar biyu ke nan suka faɗa hannun tsofaffin abokan wasa.

Mako guda bayan haka, ranar 19 ga Yuni, aka yi zaɓen sababbin 'yan wasa a New York. A tsarin lokacin, ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe a gabas da wadda ta zo ta ƙarshe a yamma ake jefa wa tsabar kuɗi sama, wadda ta dace ta yi zaɓin farko. Houston Rockets ce ta ƙarshe a yamma, da nasara 29 da faɗuwa 53, kuma yadda ta sha kashi a yawancin wasanninta na ƙarshe ya sa aka yi zargin da gangan take yi. A wani wasa ta bar Elvin Hayes, mai shekara 38, ya yi minti 53 a fili. A gabas Indiana Pacers ce, amma ta riga ta ba Portland damarta a wata musayar 'yan wasa tun 1981. Houston ta dace, ta ɗauki Olajuwon, duk da cewa shekara guda kafin nan ta ɗauki Ralph Sampson. Portland ta ɗauki Sam Bowie. Chicago Bulls, ta uku, ta ɗauki Jordan. Sam Perkins ya tafi Dallas, Charles Barkley ya tafi Philadelphia a matsayi na biyar, sai can a na 16 Utah ta ɗauki John Stockton daga ƙaramar jami'ar Gonzaga. Zaɓen zagaye goma ne, har Chicago ta kira sunan ɗan tsere Carl Lewis a zagayen ƙarshe, New Jersey kuma ta zaɓi Oscar Schmidt na Birazil, wanda ya ƙi zuwa don kada ya rasa damar buga wa ƙasarsa.

An daɗe ana yi wa Portland dariya a kan wannan rana, amma abin da ta yi shi ne abin da aƙidar zamanin ta koyar. Tana da Clyde Drexler da Jim Paxson a gurbin da Jordan ke bugawa, ba ta da ɗan tsakiya, kuma kofinta ɗaya tilo na 1977 dogo ne, Bill Walton, ya ɗauko mata. Kuskurenta na gaske shi ne rufe ido ga lafiyar Bowie, wanda tsagewar ƙashin ƙwauri ta hana shi wasa kaka biyu cur a Kentucky, alhali raunin ƙafa ne ya raba ta da Walton. Bowie ya taka rawar gani a kakarsa ta farko, daga nan karaya ta yi ta bin sa. Houston kuwa babu mai ganin laifinta har yau, domin Olajuwon ya kawo mata kofi a 1994 da 1995, na farkon a kan New York ta Patrick Ewing.

Tawagar Olamfik Bob Knight aka damƙa wa. A lokacin dokar ƙasa da ƙasa ta hana 'yan NBA shiga, don haka ɗaliban jami'a aka tara a Bloomington aka tace. Knight ya ajiye Barkley da Stockton da Karl Malone, ya riƙe Jordan da Ewing da Perkins da Chris Mullin da Wayman Tisdale da Alford. Tarayyar Sobiyet ta ƙaurace wa gasar, ramuwar gayya kan ƙin zuwan Amurka Mosko a 1980, abin da ya rage wa gasar kwando armashi, domin ita ce kaɗai ake ganin za ta iya ja da Amurka. Masar ce ta wakilci Afirka. Amurka ta ci wasanninta takwas duka, ta doke Sifaniya 96 da 65 ranar 10 ga Agusta, Yugoslabiya ta zo ta uku. Jordan ne ya fi cin maki, 17 a kowane wasa. Wannan ce tawagar ɗalibai ta ƙarshe da ta ciyo wa Amurka zinare a ɓangaren maza. A 1988 tagulla suka samu, daga 1992 kuma 'yan NBA suka karɓa. Matan Amurka, ƙarƙashin Pat Summitt ta Tennessee, sun doke Koriya ta Kudu 85 da 55, zinarensu na farko.

Kafin a buɗe sabuwar kaka, kamfanin Nike, wanda aka fi sani da takalman gudu, ya ƙulla yarjejeniyar shekara biyar da Jordan a kan dala dubu 500 a shekara, da alkawarin takalmi mai ɗauke da sunansa. Converse ce ke riƙe da Bird da Johnson, shi kuma Jordan Adidas ya fi so. Zuba irin wannan kuɗi a kan yaron da bai taɓa buga wasan NBA ba, kuma ba ɗan tsakiya ba, kasada ce babba a idon 'yan kasuwa. Takalmin Air Jordan ya shiga kasuwa a 1985.

Jordan ya fara wasa ranar 26 ga Oktoba, ya ci maki 16 a karawa da Washington Bullets. Kafin shekara ta ƙare filayen biranen da Chicago ke ziyarta sun fara cika saboda shi, kuma ya kammala kakar da maki 28.2 a kowane wasa. Olajuwon ya samu 20.6, ya kuma taimaki Houston ta tashi daga nasara 29 zuwa 48. A wannan kaka ce Clippers ta yi ƙaura daga San Diego zuwa Los Angeles ba da amincewar hukumar ba. Ranar Kirsimeti Bernard King ya ci maki 60, duk da haka New Jersey ta doke New York. A jami'o'i Georgetown ta shiga sabuwar kaka a matsayi na ɗaya, domin Ewing ya zaɓi ya tsaya ya kammala karatunsa.

Dokoki da dama sun canja sakamakon abin da aka gani a shekarar. NCAA ta faɗaɗa gasarta zuwa ƙungiyoyi 64 daga 1985, ta kawo agogon jifa na daƙiƙa 45 a kakar 1985/86, sannan layin maki uku a 1986/87. NBA ta sauya jerin wasannin zagayen ƙarshe don rage zirga-zirga tsakanin gabas da yamma. Ta kuma soke jefa tsabar kuɗi, ta maye gurbinsa da ƙuri'a tsakanin duk ƙungiyoyin da ba su kai zagayen neman kofi ba, don kada wata ta sake ganin riba a faɗuwa da gangan. An jefa ƙuri'ar farko a watan Mayun 1985, New York Knicks ta dace, ta ɗauki Patrick Ewing.